Wanda Ya Gyara Maganar Malam Maje

"Na faɗa maka, kada ka ƙara taɓa min magana!"

Ummakulsum ce ta faɗi haka tana tsaye, mayafi ya zame mata daga kafaɗa ba ta ma lura ba. Saurayin da ake yi wa faɗan yana zaune kusa da taga, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

"Allah ya huci zuciyarki," in ji shi. "Kin rubuta wa babban mutum cewa bai san abin da yake faɗa ba. Ni kuma na mayar da shi 'don Allah a sake dubawa'. Faɗa na kashe."

"Sunan wa ke ƙasan rubutun?"

"Naki."

"To yaushe na ce don Allah? Idan maganata ta yi maka zafi, ka rubuta taka a ƙarƙashinta, ka ce Ummakulsum ba ta kyauta ba. Amma ka shiga bakina ka zauna, ina can ban sani ba?"

Bari in warware muku. Samari da 'yan matan Fagge da na Sabon Gari ne suka haɗu suka buɗe wani shafi a intanet mai suna Kundin Waje, suna tara labarin unguwannin nan na wajen ganuwa: tsofaffin gidaje, makarantu, wa ya fara sayar da me a kasuwa. Irin shafin nan ne da suke kira wiki, kowa na iya rubutawa, kowa na iya gogewa. Kowane labari kuma yana da zaurensa, shafin tattaunawa, inda ake tsayawa a yi musu, kowa ya rubuta ra'ayinsa ya sa sunansa. Ashe har a zauren ma ba a tsira ba. Kana iya shiga maganar wani ka sauya ta, sunansa na nan a ƙasa kamar shi ya faɗa. A kan wannan suka taru ran nan a saman wani shagon gyaran waya da ke titin Faransa, a yanke ko za a bar abin haka ko za a kulle.

Saurayin, Fahad sunansa, ya ɗago kai.

"Wata rana wani zai zo ya zagi iyayen wani, ko ya rubuta lambar wayar 'yar mutane. Sai mu zuba ido? Ni a gidanmu haka aka koya min. In an aike ka da magana mai zafi, ka sanyaya ta a hanya kafin ka isar. Wanda ya kai ta yadda aka ba shi, shi ke raba zumunci."

"Ɗan aike an san ɗan aike ne," ta ce. "Kai fa? Ka ce kai ne?"

Kallonta ya tsaya yi, har ta ankara ta gyara mayafi. Taro ya watse ba a yanke komai ba. Amma wani abin ya yanku, ko da ba shi aka zo yi ba.

Tana cikin a daidaita sahu za ta koma Fagge saƙo ya shigo.

"Salamu alaikum Malama. Fahad ne, ɓarawon magana. Na mayar miki da kayanki yadda na same su. Saura ki yafe."

Ta rubuta masa: "Wa alaikumus salam. Na gani. Na yafe rabi, Mai Gyara."

"Ɗaya rabin fa?"

"Sai na ga hali."

Hali kuwa ta gani. Gidanmu katanga ɗaya ne da na su Ummakulsum, katangar kuma gajeriya ce, wannan ba laifina ba ne. Kafin damina ta wuce, Fahad ya zama ɗan ƙofar gida. Bayan la'asar sai ka gan shi ya taso daga Kantin Kwari, inda yake tsare shagon shadda na baffansa, ya tsaya yana gyara hula. Maraya ne, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, baffan nan nasa, Alhaji Abdulƙahhar, shi ya riƙe shi. Ita kuwa malamar firamare ce, autar Malam Maje, tsohon hedimasta. Malam Maje mutum ne da in ya ce fari, ko Fagge za ta taru a kansa ba zai ce fari-fari ba. A wajensa ta gado bakin.

"Kulu," in ji Fahad wata yamma, da sunan da yake kiranta, murya ƙasa-ƙasa, "kin san abin da nake so a wajenki?"

"Faɗa in ji. Amma kada ka gyara."

"Ni duk rayuwata lallaɓa mutane nake yi. A kasuwa in lallaɓa mai saye, a gida in lallaɓa Baffa. Ke kaɗai ce in kin ce min eh, na san eh ɗin ne."

Ta ɗan yi wasa da gefen mayafi.

"To eh," ta ce.

"Eh me?"

"Ka ji ai. Ba na maimaitawa."

Ran nan har ya kai bakin titi yana murmushi shi kaɗai, ya kusa faɗawa kwata.

Akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba: Hamzat, ɗan ƙanwar Malam Maje, ma'aikacin ƙaramar hukuma, wanda ya daɗe yana kawo wa kawunsa jarida alhali kowa ya san ba don jaridar yake zuwa ba. Shi ma yana cikin masu rubutu a Kundin. Ummakulsum ta faɗa masa gaskiya tun da wuri, ya ce ba komai, amma bai daina kawo jarida ba.

Magana ta yi nisa har Alhaji Abdulƙahhar ya sa lokacin da zai zo da mutanensa neman aure. A tsakanin nan ne aka rubuta labarin makarantar yamma ta unguwarmu a Kundin, wadda yanzu ta zama firamare mai bene. Aka rubuta cewa marigayi Alhaji Ɗanladi ne ya kafa ta. Alhaji Ɗanladi kuwa shi ne kakan Fahad, mahaifin Alhaji Abdulƙahhar. Duk shekara a bikin ba da kyaututtuka Alhaji ke tashi ya faɗi haka, hoton mahaifinsa na rataye a bango.

Labari ya kai kunnen Malam Maje. Ya kira 'yarsa.

"Buɗe min zauren nan naku. Da sunana. Ki rubuta abin da na faɗa."

Ya faɗa, ta buga:

"Alhaji Ɗanladi bai kafa makarantar nan ba. Malam Albert ne ya kafa ta, akawun jirgin ƙasa, mutumin Zariya da ke zaune a Sabon Gari. In ya tashi daga aiki sai ya tako da ƙafa ya koyar da mu a gindin bishiya, bai taɓa karɓar komai ba. A hannunsa na fara riƙe fensir. Daga baya Alhaji Ɗanladi ya ba da zaurensa. Duk wanda ya ce ba haka aka yi ba, ya yi ƙarya. Maje."

Da ta zo kan kalmar ƙarya hannunta ya tsaya.

"Baba, kakan Fahad ne fa."

"Na sani. Rubuta."

Ta rubuta.

Fahad yana shago ya gani. Ya kalli baffansa da ke can ciki yana auna wa wata hajiya yadi, ya san in mutumin nan ya karanta an ce ya yi ƙarya, ƙafarsa ba za ta taka gidan Malam Maje ba har abada. Ya yi tunanin kiran Ummakulsum, ya fasa. Sai ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya shiga, ya goge, ya rubuta:

"Akwai masu cewa wani Malam Albert ma ya taimaka a farkon makarantar. Ban tabbatar ba, Allah ne masani. Maje."

Ya ajiye wayar yana jin ya ceci gida biyu.

Ana haka sai ga a daidaita sahu ta tsaya a ƙofar gidan Malam Maje da hantsi. Madam Felicia ce ta fito, 'yar marigayi Malam Albert, mai shagon kayan abinci a kasuwar Sabon Gari. Tun suna yara suka san juna da Malam Maje, Yaya take ce masa. Duk Sallah sai an kai mata nama, duk Kirsimeti sai ta aiko da shinkafa. Amma ran nan ko ruwa ba ta karɓa ba.

"Yaya Maje," ta ce, "an ce min ka rubuta labarin Baba. Na rufe shago don murna, na sa ɗana ya karanta min. Ashe babana 'wani' ne? Wani Malam Albert? Kai da ya goya a kafaɗa ranar da ka taka kwalba?"

"Felicia, me kike faɗa?"

"Ba ka tabbatar ba, ko? Kowa ya manta da shi ban damu ba. Ban taɓa neman a rataya hotonsa ba. Na ce ai Yaya Maje yana nan, muddin yana raye akwai mai shaida."

Ta miƙa masa wayarta. Malam Maje ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Ban taɓa ganin fuskar mutumin nan haka ba.

"Wallahi ban faɗi wannan ba."

"Ga sunanka nan."

Hamzat na zaune a gefe da jaridarsa. Ya karɓi wayar, ya danna inda ake ganin wanda ya taɓa rubutu, ya juya musu ita. Ƙarya dai bai yi ba, sai dai gaskiyar ta yi masa daɗi a baki.

"Kawu, Fahad ne."

Ummakulsum na tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwan da ba a karɓa ba. Mahaifinta bai ɗaga murya ba.

"Ki faɗa wa yaron nan kada manyansa su zo."

Saƙon Fahad ya shigo tun kafin ta share hawaye.

"Kulu, na ji abin da ya faru. Don mu na yi, wallahi don mu. Bari in mayar yanzu yadda yake, kafin kowa ya ƙara gani."

Ta daɗe tana kallon wayar. Ita kanta ta so a mayar ɗin a ɓoye, a ce ba a yi ba. Sannan ta rubuta:

"Kada ka taɓa. Ka shiga a ɓoye, yanzu kuma za ka fita a ɓoye? Madam Felicia ta riga ta yi kuka. Wannan ba ka iya goge shi."

"To me zan yi, hasken raina? Faɗa min."

"Ban sani ba, Fahad. Ina son ka, amma yau ban san muryar wa nake so ba."

Ya zo da kansa bayan sallar la'asar, ya durƙusa a zauren Malam Maje, ya faɗi dalilinsa duka. Malam ya saurare shi har ƙarshe.

"Na yarda ba da mugunta ka yi ba," in ji shi. "Shi ya sa ma nake tsoro. Mugu ya san ya yi laifi. Kai kuwa gani kake ka yi alheri."

"Baba, zaman lafiya na nema."

"Yau ka gyara tawa don a zauna lafiya. Gobe 'yata ta ce maka a'a, ka fita ka ce wa dangi ta ce to. Ta ce an cuce ta, ka ce ta ce lafiya lau. Ni tafiya zan yi, Fahad. Ita ce za ta zauna da kai. In ba ta da bakinta a gidanka, me ya rage mata?"

Malam ya nuna wa Fahad ƙofa.

"Tashi ka je. Allah ya ba ka wata."

Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce Malam ya cika tsauri, a kan rubutun waya za a raba aure? Wasu suka ce da a gaban alƙali aka sauya shaidar mutum, me za a kira shi? Ummakulsum ta rame. Tana zuwa makaranta tana dawowa, ba ta ce wa mahaifinta ya yi haƙuri ba, don ta san bai yi kuskure ba, wannan kuwa shi ya fi cinta. Hamzat ya ƙara yawan jarida. Ba ta ko kallonsa.

Fahad ya ɓace daga layinmu. Daga baya muka ji inda ya je. Kasuwar Sabon Gari ya shiga, ya yi ta tambaya har ya sami shagon Madam Felicia. Ya durƙusa a tsakanin buhunan gari da jarkokin manja, masu saye na kallo.

"Mama, ni ne na mayar da mahaifinki 'wani'. Ba Malam Maje ba ne."

Ta kalle shi sama da ƙasa.

"Ka san shi?"

"A'a."

"To ka goge mutumin da ba ka sani ba. Zauna."

Ta ja masa benci. Ta ba shi labarin mutumin da ke dawowa gida da farin alli a wando, wanda matarsa ke faɗa kullum saboda ya kwashe fitilar gida ya kai Fagge. Ta ce kakansa ma mutumin kirki ne, da damina ta hana karatu a gindin bishiya shi ya buɗe zaurensa, su biyun har suka mutu suna gaisawa.

"Su ba su yi faɗa a kan wa ya kafa ba," ta ce. "Ku ne."

Bai tsaya nan ba, ya bi tsofaffin unguwa yana tambaya. Har ni an tambaya, na kuwa faɗi abin da na sani. Sannan ya shiga zauren Kundin. Bai taɓa rubutun da ke sama ba. A ƙasa ya rubuta:

"Ni Fahad, jikan Alhaji Ɗanladi, ni na sauya maganar Malam Maje ba da saninsa ba, na bar sunansa a kai. Abin da ke sama ba shi ya faɗa ba. Ya ce Malam Albert ne ya kafa makarantar, kakana kuma ya ba da zaure daga baya. Na tambayi waɗanda suka gani, haka aka yi. Ina neman afuwar Malam Maje da iyalin Malam Albert. Fahad."

Abin da ya guda tun farko shi ya same shi, har da ƙari. Alhaji Abdulƙahhar ya kira shi cikin shago, ya sa aka sauke labule.

"Ni na riƙe ka, yau kai za ka tsaya gaban duniya ka ƙaryata ni? Je ka goge. Naka da nasa duka."

"Baffa, ka gafarce ni. Nasa ba nawa ba ne. Nawa kuma gaskiya ce."

"Saboda mace?"

"An riga an hana ni ita, Baffa."

Tun daga ranar Alhaji ya daina amsa gaisuwarsa.

Da 'yan Kundin suka sake taruwa a titin Faransa, ba a yi dogon musu ba. Aka ce masu son a kulle maganar kowa, sai mai ita kaɗai zai iya taɓawa, su ɗaga hannu. Hannun Fahad ne ya fara tashi. Sai Ummakulsum ta miƙe daga can baya.

"Ina da ƙari. In zagi ne, ko an tona asirin wani, masu kula da shafi su cire. Amma su bar alama cewa an cire, da sunan wanda ya cire. Wani ya taɓa kawo wannan damuwar a nan, kuma yana da gaskiya."

Ba ta kalle shi ba. Shi ma bai ɗago ba. Amma duk ɗakin ya ji.

Malam Maje ya sa 'yarsa ta karanta masa abin da Fahad ya rubuta. Da ta gama, ya tambaye ta:

"Baffansa ya gani?"

"Ya gani, Baba. Ba ya yi masa magana."

"Ya san na hana shi ke, ya kuma rubuta?"

"Ya sani."

Malam ya cire tabarau ya goge ido.

"Mayar min da maganata yadda na faɗe ta. Sannan ki ƙara a ƙasa: kalmar ƙarya ta yi tsauri, na janye ta. Alhaji Ɗanladi ya yi alheri, Allah ya jiƙansa. Amma Malam Albert ne ya kafa." Ya mayar da tabarau. "In kin gama, ki ce wa yaron nan ƙofa a buɗe take."

Ta shiga ɗaki da gudu kamar yarinya, ta rubuta wa Fahad:

"Mai Gyara, Baba ya ce ku zo. Na yafe ɗaya rabin."

"Kulu, karanta min da bakinki. Ban yarda da rubutu ba yanzu."

Ta kira shi. Abin da suka faɗa ban ji ba, ta rufe taga.

Saura Alhaji Abdulƙahhar. Dangi suka yi ta zarya. A ƙarshe ya ce zai karɓi auren, saboda amanar ɗan'uwansa da ke kabari, amma kada a nemi wani abu bayan wannan.

A zauren Malam Maje aka ɗaura, ranar wata Asabar da safe. Zaure ya cika har waje. A cikin gida Madam Felicia ce ta kame kan tukwane, ta ce 'yar Yaya Maje 'yarta ce, kowa ya matsa. Hamzat ma ya zo, shi ya raba alawa da dabino, Allah ya ba shi tasa. Liman ya yi huɗuba, Alhaji ya nema, aka ba shi, ya karɓa, aka shafa fatiha. Guɗa ta tashi daga cikin gida. Fahad na can gefe cikin farar shadda, hawaye na bin fuskarsa.

Malam Maje ya miƙa wa Alhaji hannu.

"Alhaji, yau mun zama ɗaya."

Alhaji ya kalli hannun.

"Za a goge rubutun?"

"Kalmar da ta ɓata maka rai na janye ta, ina kuma sake janyewa a gaban jama'a. Sauran ba nawa ba ne da zan janye. Haƙƙin mamaci ne."

Alhaji Abdulƙahhar ya miƙe, ya tattara babbar rigarsa, ya tsaya a kan Fahad. Ya ɗora masa hannu a ka.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ta rufe maka asiri ka rufe mata. Na sauke amanar ubanka."

"Amin," in ji jama'a.

"Baffa..." Fahad ya kamo gefen rigarsa.

Alhaji ya zare rigar a hankali. Ya ratsa mutane, ya sa takalmi, ya fita, ya ja ƙofar zauren ya buga ta da ƙarfin da sai da masu guɗa suka yi shiru.